Cacar kasino ta intanet a shafukan ƙasashen waje: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tambayoyin nan na sha amsa su har bakina ya gaji, shi ya sa na tara su wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya a nuna masa nan.

Wai haramun ne ko da a waya ake yi?

Haramun ne. Caca caca ce, ko a kan tabarmar karta ko a cikin waya, ka buɗe Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Abin da ya sa na ci gaba da rubutu shi ne na san da yawanku kun riga kun tsunduma, kuma ba zan zuba ido a kwashe muku ɗan abin da ya rage ba.

Mene ne ma kasino na waje?

Kamfanin da ya yi rajista a wata ƙasa yana karɓar kuɗinka daga nan, ba shi da ofis ko ma'aikacin da za ka je ka riƙe. Galibinsu za ka ga an rubuta Curaçao a can ƙasan shafi, wani tsibiri ne a tekun Karibiyan, wasu Malta, wasu Anjuwan ta tsibiran Komoros.

Akwai wata dabara ta ci? Na ga masu sayar da sigina, wato hasashen abin da zai fito a wasa, a Telegram

Babu. Haba ɗan'uwa, wanda ya san lokacin da jirgin Aviator zai gudu, cacar nan da dole ka cire kuɗinka kafin jirgin ya gudu, me zai sa ya tsaya roƙon dubu biyar ɗinka? Lissafin a fili yake, a rulet ɗin Turai, cacar faifai mai juyawa da ɗan ƙwallo, gidan caca na da ribar kashi 2.7 cikin ɗari a kan duk abin da aka zuba, na Amurka mai sifiri biyu 5.26, Aviator kuma masu shi da kansu sun ce kashi 97 yake mayarwa, ukun nasu ne har abada. Masu cewa ka riƙa ninka kuɗi duk lokacin da aka cinye ka, fara da naira 1,000 a cinye ka sau goma a jere, ka zubar da 1,023,000 ke nan kana neman ribar dubu ɗaya tak.

Na ga tambarin lasisi a shafinsu, ashe babu matsala?

Hoto ne, kowa zai iya liƙa shi. Ɗauki sunan kamfanin da lambar lasisin ka duba a shafin hukumar ita kanta, ta Malta tana da rajistar da kowa zai iya bincikawa. A Curaçao shekara da shekaru wasu kamfanoni huɗu ne ke riƙe da babban lasisi suna sayar wa saura ƙanana, sai a Disambar 2024 sabuwar dokarsu ta fara aiki. Ko lasisin na gaske ne ba ya hana a cinye ka.

Bonas fa, ai kyauta ne?

Karanta sharuɗɗan mana! Ka saka 20,000 sun ƙara maka 20,000 sun ce sai ka juya shi sau 35 kafin ka cire, wato sai ka buga 700,000. A injin da ke riƙe kashi 4, lissafi ya nuna kusan 28,000 za ta tafi a hanya, ta ma fi kyautar yawa.

Na ci kuɗi sun ƙi biyana, sai neman takardu suke yi, ya zan yi?

To wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma ba zan yi maka alƙawarin kuɗin zai dawo ba don sau da yawa ba ya dawowa. Ya danganta da abin da suke nema da kuma abin da kai ka yi tun farko. Idan katin shaida suke so da hoton fuskarka da wata takarda mai adireshi, wannan ba lalle damfara ba ce, ko kamfanonin gaskiya suna tantance mutum kafin su biya, abin haushin dai ba sa tambaya lokacin da kake zubawa sai lokacin cira. A nan ne yawanci ake kama ku, ka buɗe akawun da wani suna ka tura kuɗi daga bankin yayanka, ko ka buɗe akawun biyu don cin bonas sau biyu, ko ka shiga da VPN, manhajar ɓoye ƙasar da kake, alhali ƙasarka tana cikin jerin waɗanda suka hana, duk waɗannan suna cikin sharuɗɗan da ka danna ka amince ba ka karanta ba, kuma da su za su kafa hujja su riƙe kuɗin, in haka ne gaskiya damarka kaɗan ce.

Amma idan cewa suka yi sai ka turo kuɗin haraji ko kuɗin buɗe akawun kafin su saki naka, tsaya nan, kada ka ƙara ko kwabo, ɓarayi ne. Haka wanda ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar nan ta OTP da banki ke turowa. In ma hoton kati suka nema, rufe lambobin tsakiya da ukun nan na baya.

Idan ka tabbata hannunka tsaf yake, abu na farko kada ka soke cirar ka koma buga kuɗin, jan ƙafar da suke yi wani lokacin don haka ne, su gajiyar da kai ka mayar musu da hannunka. Ɗauki hoton komai, balas ɗinka, ranar da ka nemi cira, hirarku da su, har shafin sharuɗɗan don suna iya sauya shi. Rubuta musu koke ta imel, kada ka tsaya a akwatin hira. In lasisin Malta ne akwai inda ɗan wasa ke kai ƙara a hukumar, wataƙila a saurare ka ko da zai ɗauki lokaci, in na Curaçao ne ko Anjuwan gwada dai amma kada ka sa rai sosai. A gida kuwa, tun Nuwambar 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta ce sha'anin caca na jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 a Abuja kaɗai take aiki, to kamfanin da ba shi da rajista a kowace jiha wa zai kamo maka shi? Wanda ya biya da katin banki zai iya tuntuɓar bankinsa, mai yiwuwa su duba mai yiwuwa su ƙi, kuma kada ka yi ƙaryar ba kai ka tura ba. Wanda ya biya da kuɗin kirifto irin USDT sai haƙuri, kirifto in ya fita ba ya juyowa. Sannan ka kula da masu biyo ka daga baya su ce su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗi in ka ba su kafin alƙalami, cuta ta biyu ce.

Na kasa bari gaba ɗaya, ya zan rage?

Faɗin hakan ma ƙoƙari ne, kada ka raina kanka. Shiga saitin akawun ka sa iyakar abin da za ka iya zubawa a mako tun kanka na sanyi, shafin da ba shi da wannan ka gudu. Kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, zubin adashe, jarin shago, ba a taɓa su, manhajojin bashi kuma ka goge su yau. In an cinye ka kada ka bi sawu don ramuwa, nan ne mutane suke halaka. GAMSTOP da kuke ji, tsarin da mutum ke hana kansa shiga shafukan caca, shafukan da ke da lasisin Birtaniya kawai yake rufewa, ba ruwansa da na waje, gara ka sa manhajar toshe shafukan caca irin BetBlocker a waya, kyauta ne, ko Gamban na kuɗi, ka ba wani amintacce ya riƙe maka katin banki.

Maigidana ya sayar da babur ɗinsa a kan wannan abu, na rasa yadda zan yi

Baiwar Allah ki kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, ana kuma samun sauƙi. Gori da tonon asiri a gaban mutane ƙara ɓoyewa suke sa shi. Ki samu wani babba da yake jin nauyinsa, ki killace kuɗinki da kayan ɗakinki, in za a biya masa bashi a miƙa wa mai bashin hannu da hannu kada a ba shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, zuwa can ba hauka ba ne. In kika ji yana cewa ya gaji da rayuwa kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar.

To wane shafi ne mai aminci da za ka ba ni shawara?

Babu, kuma don Allah a daina turo min wannan tambayar.