Mai ba ya maganin amosanin kai

Jama'a don Allah mu daina tula wa kanmu mai da sunan maganin amosani. A nan Katsina da zarar hunturu ya shigo an ga fari-fari a kafaɗar yarinya sai a ce ai kanta ne ya bushe, a kawo man shanu ko man zaitun a dinga shafawa safe da yamma, bayan kwana biyu ƙaiƙayi ya ƙaru kuma abin ya dawo har ya fi da. Amosani ba bushewa ba ne kawai, akwai wata ƙwaya mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kan kowa, abincinta maiƙo ne, to ka ga ƙara mai kamar ƙara mata tuwo ne.

Abin da ke aiki shi ne shamfu mai ɗauke da sinadarin ketoconazole ko selenium sulfide, sau 2 a sati, a bar shi minti 3 zuwa 5 a kan fatar kafin a ɗauraye, ba a shafa a wanke nan take ba. Kuma amosanin yana iya dawowa, sai a ci gaba da shamfun lokaci-lokaci.

Batun zubewar gashi kuma, gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Samari, hula ba ta kawo sanƙo, gado ne. 'Yan mata kuma ƙananan kitso mai ɗaure goshi tamau shi ke cinye gaban kai, wallahi wannan yana ci mini rai. In gashi na fita tsibi-tsibi ko akwai ƙuraje, a je wajen likitan fata, yana iya zama makero ko ƙarancin jini.