Rigakafin ƙananan yara: tambayoyin da ke damun iyaye

Uwar da ta taɓa danne cinyar jaririnta ɗan mako shida ana tsira masa allura, ta ga fuskarsa ta yi jajir kafin kukan ya fito, ta san ba ƙaramin abu ba ne. Lafiya lau aka kawo shi, a koma gida ya kwana da zazzaɓi. Dole iyaye su yi tambaya, kuma haƙƙinsu ne a ba su amsa tsakani da Allah.

Me ya sa yaro ke yin zazzaɓi bayan allurar?

Abin da ke cikin allurar ƙwayar cuta ce da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɗan ɓangare nata. Jikin yaro yana ganinta sai garkuwarsa ta tashi tsaye, ta haɗa makaman yaƙi, ta kuma riƙe kamannin cutar don gaba. Wannan aikin ne ke kawo ɗumin jiki, ƙyuya da kumburin wurin allurar, kuma yawanci kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Na ƙyanda daban yake: zazzaɓinsa kan zo bayan kwana 7 zuwa 12, har uwa ta manta an yi allurar ta ɗauka wata cuta ce. Ita kuwa BCG ta tarin fuka, bayan 'yan makonni ƙurji kan fito a dantse, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Haka take. Kada a matse shi, kada a shafa masa komai.

To me zan yi masa a gida?

Ki yawaita ba shi nono, ki rage masa kaya masu nauyi. In jikin ya yi zafi, farasitamol na yara ya isa, gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya auna. Ban da asfirin. Shayar da shi a daidai lokacin da ake allurar ma yana rage masa raɗaɗi, Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ba da wannan shawarar.

Yaushe abin ya wuce na gida?

Idan ya yi jijjiga, ko ya ƙi kama nono sam, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa da kyau, ko kuka ya ƙi tsayawa har awa uku, ko zazzaɓin ya haura kwana biyu, a tafi asibiti ba jira. Akwai kuma mummunan borin jini, wanda ke kumbura fuska ya toshe numfashi. Kusan sau ɗaya yake faruwa cikin allura miliyan ɗaya, kuma cikin mintunan farko yake bayyana. Shi ya sa ake cewa a ɗan zauna minti 15 zuwa 30 kafin a tafi. Na san gajiya da sauri kan sa a tsallake wannan zaman, amma don Allah a daure.

Alluran ba su yi wa ɗan jariri yawa ba?

Tun ranar haihuwa jikinsa ke karo da ƙwayoyin cuta bila adadin, a iska, a hannun masu ɗaukarsa, a duk abin da ya kai baki. Abin da ke cikin allura kaɗan ne a kan wannan. An ma haɗa biyar a sirinji ɗaya, wato Penta, mai kare shi daga mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta nau'in B da ƙwayar Hib mai jawo sanƙarau, don a rage masa yawan suka. A ƙasashe da dama ana yin ta a mako na 6, na 10 da na 14, saboda a watannin farko ne tarin shiƙa ya fi kashe jarirai.

Ana cewa tana hana haihuwa ko taɓa ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

A'a. Ɗigon shan inna tun farkon shekarun 1960 ake ba yara shi, waɗanda suka sha a lokacin yau kakanni ne masu jikoki. Maganar taɓa ƙwaƙwalwa kuwa, wato galahanga (autism), ta samo asali daga wani rahoto da wani likita mai suna Andrew Wakefield ya wallafa a wata mujallar likitanci a Ingila a 1998. Aka gano ya yi maguɗi, mujallar ta janye rahoton a 2010, aka kuma ƙwace masa lasisin likitanci. Binciken da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara bayan nan bai ga wata alaƙa ba.

Ai cututtukan sun yi ƙaranci, me zai sa in wahalar da shi?

Rigakafin ne ya rage su. Da shi aka kawar da agana daga duniya a 1980, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a 2020. Ƙyanda tana nan daram. Ƙwayarta kan yi awa biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance shi, 9 za su kamu. Sai kashi 95 cikin 100 na jama'a sun samu allura biyu kafin ta daina yawo, kuma da hakan ne jaririn da bai kai lokacin tasa allurar ba yake tsira.

Mun tsallake wata, ko yana mura ranar. Mu fasa?

Mura, ɗan tari ko gudawa mara tsanani ba sa hana allura, sai dai in yana kwance da ciwo mai nauyi. Wadda aka tsallake kuma ba a komawa farko. A ɗauki katinsa a koma, za a ɗora daga inda aka tsaya.