Waiwaye: Dillalin littafi da abin da yake dubawa a huhun marubuci

Wata 'yar ƙanwata da ke unguwar Asawase a Kumasi ta gama rubuta littafinta na farko a daminar da ta wuce. Labarin wata mai sayar da wake da shinkafa ne a bakin tasha, ita da 'ya'yanta uku, kuma da Turanci ta rubuta shi. Rannan ta same ni da waya a hannu, ranta a ɗan ɓace. Ta ce, "Kawu, manyan kamfanonin Landan duk sun ce ba sa karɓar littafi daga hannun marubuci, sai ta hannun wakili. Wane ne wakilin nan, kuma me yake so?" Na ce mata kakanta ya yi irin wannan sana'a shekara da shekaru a kasuwar shanu, sai dai shi dillali ake ce masa.

Duk wanda ya tashi a Zangon Kumasi ya san tsarin. Falke ya iso da shanu daga arewa, bai san kowa ba, bai san wane mahauci ne ke biyan bashi ba. Sai ya sauka wajen maigida, a ba shi masauki, a haɗa shi da dillali. Dillali ba ya sayen sa, ba ya kuma karɓar komai sai ciniki ya faɗa, sannan ya ɗauki la'adarsa. Tsarin ya yi ƙarfin da har wata masaniya Baturiya, Polly Hill, ta yi nazari a kansa a nan Kumasi, aka buga a 1966. Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da wakilin marubuta yake nema, domin mutumin da abincinsa ke cikin la'ada ba zai ɗauki kayan da bai san inda zai kai su ba.

A Landan sana'ar wakilin marubuta ta fara, wajen 1875, shekara guda bayan sojojin Ingila sun ƙone Kumasi. Wani ɗan Sukotilan mai suna A. P. Watt ne ake ɗauka a matsayin na farko da ya mai da ita sana'a tsayayya. Kafin shi, marubuta da yawa kan sayar da littafi kacokan ga mai bugawa, a biya su sau ɗaya, ko da littafin zai yi shekara hamsin yana kawo riba. Sai kasuwa ta canza. Mujallu suka yawaita, suna buga labari kashi-kashi. A 1886 aka ƙulla yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin marubuta tsakanin ƙasashe, a 1891 kuma Amurka ta yi dokar da ta fara kare marubutan waje. Labari ɗaya ya zama ana iya sayar da shi sau da yawa: ga mujalla, ga mai buga littafi a Ingila, ga wani a Amurka, ga masu fassara. Marubucin da ke zaune da alƙalami ba zai iya bin duk waɗannan ƙofofi ba. Watt ya bi masa, ya ɗauki kashi 10 cikin ɗari. Manyan marubuta irin su Kipling da Conan Doyle duk sun bi ta hannunsa. Masu bugawa ba su so ba ko kaɗan. A 1893 William Heinemann ya fito a rubuce ya kira dillalan nan masu rayuwa a jikin wasu, irin zaman kaska a jikin sa. Duk da haka J. B. Pinker ya buɗe nasa ofishin a 1896, Curtis Brown a 1899.

A wancan zamanin mu ma muna rubutu, amma a wata duniya dabam. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete Karaci a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami. Almajirai ne suka yi ta kwafarsu da hannu, daga zaure zuwa zaure. Abin da ya kai ga injin bugawa kuwa ta hannun Turawa ya bi. Tatsuniyoyi da karin maganar da Malam Shaihu ya tattara ya rubuta a nan ƙasar sun fito a 1913, sunan R. S. Rattray ne a bango. Ina yawan tunanin da a ce akwai mai tsaya wa Malam Shaihu a wannan ciniki. A Zariya ma, a 1933, Rupert East ne ya bi malamai yana roƙon su rubuta ƙagaggun labarai, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Mai bugawa ne ke neman marubuci, don haka babu gurbin dillali.

Haka abin ya ci gaba har bayan samun 'yanci. A 1962 kamfanin Heinemann ɗin nan ya fara jerin littattafan marubutan Afirka masu bango ruwan lemo, Chinua Achebe yana ba da shawara kan zaɓe har shekara goma. Marubuci a Akra ko Kumasi yana iya naɗe rubutunsa ya kai gidan waya, edita ya karanta da kansa. Makarantun Najeriya da Ghana da Kenya ne kasuwar, kuma babba ce. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya, littattafai suka daina shigowa, wannan ƙofa ta fara rufewa. A Ingila da Amurka kuma kamfanoni suka yi ta haɗiye juna, har yau biyar ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar Turanci: Penguin Random House, HarperCollins, Simon & Schuster, Hachette da Macmillan. Editocinsu suka daina karanta tarin rubutun da ba su nema ba, suka bar wa wakilai aikin tankaɗe da rairaya. La'ada ta tashi zuwa kashi 15 a cinikin gida, kashi 20 a na fassara da ƙasashen waje.

To me wakilin yake dubawa? Da farko, kayan su zama sun nuna. Ƙagaggen labari sai an gama shi, an sake shi, an kuma sake shi, kafin a aika. Babi uku masu kyau da alkawarin sauran ba sa shiga. Yawancin wakilan Ingila kan nemi abu uku: wasiƙar gabatarwa ta shafi ɗaya, taƙaitaccen labarin daga farko har ƙarshensa, da babi uku na farko. Na Amurka sau da yawa wasiƙa da shafi goma kawai suke so. Wasiƙar ce ke ba matasanmu wahala, domin tarbiyyarmu ta koya mana doguwar gaisuwa da ƙanƙan da kai, ita kuwa so take cikin 'yan layuka a faɗi wace ce jarumar, me take so, me ya tare mata hanya, me za ta rasa in ta kasa. Ana kuma son marubuci ya ambaci littattafai biyu ko uku na 'yan shekarun nan da nasa zai zauna kusa da su a kanti. Wannan tambaya ce irin ta dillalin goro: fari ne ko ja, kuma wace kasuwa ke cinsa?

Bayan wannan sai abin da su kansu wakilan ke kira murya, kuma a nan ne na fi tsayawa da 'yar ƙanwata. Murya ita ce abin da ke sa ka gane mai magana ko da ba ka gan shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Aboabo da dare ya san akwai mutumin da in ya ce "ai ba ku sani ba", kowa sai ya ajiye kofi, akwai kuma wanda labarinsa ya fi daɗi amma ba mai juyowa. Wakili yana neman na farkon, kuma a shafi ɗaya ko biyu yake gane shi. Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon nan da aka haifa a 1971, ya nuna haka. A 2005 mujallar New Yorker ta buga labarinsa na wani mai shayi, Malam Sile, a shekarar kuma tarin labaransa The Prophet of Zongo Street ya fito a Amurka. Babu yaƙi a labarin mai shayin, babu yunwa irin ta talabijin. Mutum ne da shagonsa da masu cin bashinsa da matar da ya aura. Yadda aka faɗe shi ne ya kai shi inda ya kai.

Kowane nau'i kuma da ma'auninsa. Littafin manya galibi kalma 80,000 zuwa 100,000 ne, na matasa ya fi gajarta, na ƙagaggiyar duniya da tsafi ana yi masa uzuri ya ɗan zarce. A labarin binciken kisa, wakili na duba ko an yi wa mai karatu adalci wajen ajiye alamu, da kuma ko mai binciken zai iya ɗaukar littafi na biyu da na uku, kamar yadda Kwei Quartey ya yi da ɗan sandansa na Akra tun 2009. A labarin soyayya, ƙa'idar kasuwar ita ce masoya su dace a ƙarshe, wanda ya karya ta kuwa ya koma wani nau'in. A labarin aljanu da tsafi, ana duba ko duniyar da aka ƙaga tana bin dokokinta. Roseanne Brown, haifaffiyar Kumasi, ta shiga jerin littattafan da suka fi ciniki a Amurka a 2020 da irin wannan. Tarin gajerun labarai shi ne mafi wuyar sayarwa, shi ya sa wakilai kan bi gasa irin ta Caine, wadda aka fara a 2000, su ga wanda ya yi fice su tambaye shi ko yana da dogon labari a ajiye.

Akwai abin da ke damuna a tsarin, ba zan ɓoye ba. Dillalin Landan kasuwar Landan yake wa aiki. Ana yawan kawo misalin Yaa Gyasi, wadda aka haifa a Mampong, da kafin alƙalamin da jaridu suka ce ya kai dala miliyan ɗaya kan littafinta na 2016. Ta cancanta, amma a Amurka ta girma, a can ta yi karatu, tana kusa da ƙofar. Yarinyar Asawase tana aika wasiƙa ne ga wanda bai taɓa jin kalmar zango ba, kuma jarabar da ke gabanta ita ce ta riƙa yi masa bayanin kowane abu, ta fassara koko da ƙosai, ta ƙara wa talauci gishiri don a tausaya. Da ta yi haka, muryar da ake nema ta tafi. Sannan ga 'yan damfara da ke cika intanet suna neman kuɗin karanta rubutu da dala. Wakilin gaskiya ba ya karɓar ko sidi ɗaya kafin ya sayar, kuma ƙungiyoyin wakilai na Ingila da Amurka sun hana membobinsu cajin kuɗin karanta rubutu. Ba dole ba ne ma a bi ta Landan: Sub-Saharan Publishers na nan Akra, Cassava Republic na Abuja kuma shi ya buga littafin Ayesha Harruna Attah kan Salaga a 2018, daga nan aka fassara shi zuwa harsunan Turai.

Mai rubutu da Hausa kuwa, nasa ya fi nisa. Hukumar Harsunan Ghana tana buga littattafai a harsuna 11, babu Hausa a ciki, duk da cewa gidan rediyon gwamnati yana karanta labarai da ita, kuma ita ce harshen ciniki daga Nima har Bawku. Yaranmu suna magana da ita, ba a koya musu rubuta ta. A Kano, marubutan da suka taso tun shekarun 1980 sun tsallake wakili da kamfani gaba ɗaya, suka buga da kuɗinsu suka kai kasuwa, yanzu kuma suna sayarwa babi-babi ta WhatsApp. Ciniki yana tafiya, amma ba mai tsaya musu kan haƙƙin fassara ko na fim. Da littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, ya fito da Turanci a 2012, wani ƙaramin kamfani ne a Chennai ta Indiya ya buga shi, a fassarar Aliyu Kamal. Wakilin da ke zuwa bajekolin littattafai na Frankfurt kowane Oktoba ba ya jin Hausa, sai an miƙa masa shafi talatin da aka fassara da kyau kafin ya san abin da ke cikin huhun. Masu iya wannan aiki muna da su a Zango, matasan da ke juya Hausa da Turanci da Tuwi a zama ɗaya, sai dai har yanzu ba wanda ya nuna musu cewa sana'a ce.

'Yar ƙanwata ta koma kan littafinta. Babin farko, mai shafi goma sha biyu na tarihin unguwa, ta cire shi gaba ɗaya, labarin ya fara daga asubar da mai wake da shinkafa ta buɗe tukunya ta tarar an zuba mata ƙasa a ciki. Kalmomin Hausa da ta bi ta yi wa bayani, ta goge bayanin ta bar su tsaye. Makon jiya ta turo mini wasiƙar gabatarwa karo na huɗu, ta ce, "Kawu, duba mini, gaisuwar ta koma layi ɗaya."