Me ya sa na'urar auna sukari ke ba da lamba daban-daban?

Na huda yatsa sau biyu cikin minti ɗaya, na farko ya nuna 138, na biyu 159. Na'urar ta lalace ne?

Da wuya. Ba a ƙera na'urar gida don ta ba da lamba ɗaya tak ba. Ƙa'idar duniya da ake duba ingancinta da ita, ISO 15197 ta shekarar 2013, ta ce a cikin gwaji 100, aƙalla 95 su faɗi kusa da sakamakon ɗakin gwaje-gwaje: tazarar kada ta wuce 15 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a jini) idan sukarin bai kai 100 ba, ko kashi 15 cikin ɗari idan ya kai 100 ko ya haura. Ke nan in ainihin sukarinka 150 ne, duk abin da ta nuna daga 128 zuwa 172 ba ta yi laifi ba. Lambobinka biyu suna cikin wannan zango.

Inda abin ke da haɗari shi ne idan sukari ya yi ƙasa. Mai 70 na iya ganin 85 ya saki jiki, alhali ya riga ya kai bakin faɗuwa. Don haka in jiki na rawa, ga gumi ga jiri, musamman ga mai allurar insulin, a sha abu mai zaƙi tukuna, a sake gwadawa daga baya.

To mene ne ya fi jawo kuskure?

Hannu. An fi zargin na'ura, amma sau da yawa laifin yana kan yatsa. Wanda ya taɓa dabino ko mangwaro ko rake bai wanke hannu ba, ɗan zaƙin da ya maƙale a fata zai gauraya da ɗigon jinin, sai lambar ta yi sama sosai. A wanke da ruwa da sabulu, a tsane sarai. Ruwa ko sifirit da bai bushe ba shi ma yana ɓata sakamako. Haka nan matse yatsa da ƙarfi don jini ya fito, domin ruwan tsoka kan biyo shi ya tsinka shi.

Zafi yana lalata tsinken gwaji, wato ɗan sillen da ake ɗiga wa jini a soka a na'ura?

Ƙwarai kuwa, kuma a ganina nan ne aka fi sakaci. A bakin kowane tsinke akwai sinadarin da ke haɗuwa da sukarin jini ya haifar da 'yar wutar lantarki, ita na'urar ke mayarwa lamba. Sinadarin ba ya jure zafi da laima. Yawancin kamfanoni na rubuta a ajiye shi a inda bai wuce digiri 30 ba, ga shi a Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura 40. Kwalbar tsinken da ta wuni a cikin mota a rana ba abin dogaro ba ce. A rufe murfin da zarar an zaro tsinke, a duba ranar ƙarewar wa'adi. Sayen tsinke biyar-biyar a ƙulle cikin leda kuwa, ko da ya fi sauƙi ga aljihu, asara ce, don an raba shi da kwalbar da ke kare shi daga laima.

Yanayin jinin mutum na iya sauya lambar?

E. Idan jajayen ƙwayoyin jini sun yi ƙaranci, na'ura kan nuna sama da gaskiya. Idan jinin ya yi kauri, kamar a tsananin ƙishirwa, takan nuna ƙasa. Mai sikila, mai juna biyu da wanda zazzaɓin cizon sauro ya rage wa jini su sanar da likita irin na'urar da suke amfani da ita. Shan bitamin C mai yawan gaske shi ma yana rikita wasu na'urorin.

Ta maƙwabcina ta nuna 7, tawa 126. Wacce ce daidai?

Duka biyun. Ma'aunin ne ya bambanta: tasa tana aunawa da mmol/L, taka da mg/dL. Ka ninka tasa sau 18, za ka samu taka.

Ta yaya zan tabbatar tawa na aiki?

Kada ka gwada ta da wata na'urar gida, don kowacce da nata ɗan kuskuren, ba ka san wacce ta karkace ba. Ka tafi da ita asibiti ranar gwajin safe kafin karin kumallo, ka huda yatsa a lokacin da ake ɗibar jininka, sannan ka kwatanta da sakamakon. Bayan cin abinci kwatancen ba ya daidaita, saboda jinin yatsa kan ɗara na jijiya sukari a lokacin. Akwai kuma ruwan gwaji da kamfanoni ke sayarwa: a ɗiga shi a tsinke maimakon jini, lambar ta faɗo cikin zangon da aka buga a jikin kwalba. In ta fita daga zangon, a fara sauya kwalbar tsinken kafin a yar da na'urar.