Me ake nufi da "sa ƙarfe a baya"?

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra, da zarar an ji likita ya ambaci tiyatar baya, sai dangi su ce, "Shi ke nan, ƙarfe za a sa masa." Alhali sa ƙarfe ɗaya ne kawai cikin ayyukan da ake yi wa ƙashin baya, kuma ba kowane mai ciwo ke buƙatarsa ba.

Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya akwai faifan guringuntsi guda 23, suna zaune kamar matashi don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Shekaru da yawan ɗaukar kaya kan sa faifai ya bushe ya lotsa, wani lokaci ya tsage, abin da ke cikinsa ya fito ya danne jijiya. An fi samun haka a ƙugu, inda takardar hoton MRI ke rubuta L4-L5 ko L5-S1, wato lambobin gaɓoɓin wurin. Ciwon sai ya gangara cinya har yatsun ƙafa, mutum ya kasa ruku'u, ya koma yin salla a kan kujera.

In danne jijiyar ne kaɗai matsalar, likita kan cire ɗan abin da ya fito, ko ya rage ƙashin da ya matse hanyarta. Wannan galibi babu ƙarfe a ciki. Ana sa ƙarfe ne musamman idan gaɓa tana zamewa a kan 'yar'uwarta. A nan sau da yawa akan cire faifan, a cusa gutsuren ƙashi a gurbinsa, a ɗaure gaɓoɓin biyu da kusoshi da sandunan titaniyam. Aikin ƙarfen riƙo ne kurum har ƙasusuwan su haɗe su zama ɗaya, abin da kan ɗauki watanni, wani har shekara. Shan taba na iya hana haɗewar, mai sha ya sani tun kafin a kwantar da shi. Wurin da aka haɗe ba ya ƙara lanƙwasawa, sai nauyin ya koma kan gaɓoɓin sama da ƙasa, su ma suna iya gajiya daga baya. Shi ya sa aka ƙirƙiro faifan roba da ƙarfe mai barin wurin ya motsa, sai dai bai dace da kowa ba.

Ana irin waɗannan ayyuka a asibitin Korle Bu da ke Accra, da asibitin FOCOS na Pantang da Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ya assasa.

Abin da ke damuna shi ne yadda hoto ke firgita mutane. Dattawa da dama hoto zai nuna faifansu ya lalace alhali ba sa jin komai. Tiyata ta fi sauƙaƙa ciwon da ke sauka ƙafa a kan ciwon bayan kansa, kuma yawancin masu danniyar jijiya kan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki.

Amma wanda fitsari ko bayan gida ya fara ƙwace masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta soma ja, kada a tsaya jiƙo ko mai ɗori. A kai shi asibiti a ranar.