Waiwaye: Yadda taragon fasinja ya sauya kama a Nijeriya

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911 daga garin Baro da ke bakin Kogin Neja, kuma Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, don haka tun farko fasinja ya zo bayan kaya a lissafinsu. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin biyu milimita 1,067 ce, wato siririn layi, wanda ya fi arhar ginawa amma yake da yawan lanƙwasa. Wannan tazara ita ta yanke wa tarago hukunci tun kafin a ƙera shi, domin a kan siririn layi ba a faɗaɗa tarago yadda ake so, kuma ba a sakar wa jirgi gudu ba tare da ya yi tangal-tangal ba.

Dattawan da suka yi tafiyar Kano zuwa Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,100, suna tuna bencin katako na masu ƙaramin tikiti da taragon kwana na masu hali. Tagogi a buɗe suke, iska da ƙura suna shigowa tare, kuma da zarar jirgi ya tsaya a Zariya ko Minna ko Jebba sai 'yan talla su yi layi a gefensa, ana miƙa rake da dafaffen ƙwai ta taga, ana karɓar canji jirgi na shirin tashi. Bayan kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kawunan jirgi masu amfani da dizal suka maye gurbin masu cin kwal, taragun ƙarfe suka karɓi wurin na katako, amma faɗin layin bai canza ba.

Abin da ya durƙusar da waɗannan taragu rashin kulawa ne, ba tsufa kaɗai ba. An ɗauko kamfanin RITES na Indiya a 1979 ya riƙe hukumar na 'yan shekaru, gwamnatin Janar Sani Abacha kuma ta ƙulla yarjejeniyar gyara da kamfanin CCECC na ƙasar Sin a 1995, duk da haka sai ga taragu jibge a tashoshi, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, saboda an sayo su daga waje ba tare da an tanadi kayan gyaransu ba. Har jirgin fasinja ya daina zirga-zirga tsakanin Legas da Kano, sai a ƙarshen 2012 ya dawo.

Sauyi na gaske ya zo ne a watan Yulin 2016, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186, wanda faɗinsa ya kai milimita 1,435. Taragun da aka kawo daga Sin sun fi faɗi, kowace kujera da lambarta, akwai makewayi da wurin ɗora jaka a saman kai, ga na'urar sanyaya wuri. Wanda ya hau daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa tashar Idu ta Abuja zai lura cewa kofin shayi yana iya zama a gabansa bai zube ba, abin da tsohon layi bai taɓa yarda da shi ba. Sai dai tagogin a rufe suke ruf, domin haka sanyin yake bukata, kuma hakan na nufin cewa duk ranar da injin ba da wuta ya tsaya, taragon da ake yabo zai koma tanda cikin 'yan mintuna. A ganina nan ne gizo ke saƙa, domin tarago na zamani ya fi tsohon jin daɗi, amma bai kai shi jure sakaci ba.

Layin Warri zuwa Itakpe ya biyo baya a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021, duka da irin waɗannan taragu. Harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da shi har zuwa Disamban shekarar, ya kuma sa tsaron fasinja ya shiga cikin maganar tarago. Masana'antar da aka aza harsashinta a Kajola ta Jihar Ogun a 2019 ta haɗa taragun kaya ce, na fasinja kuwa har yanzu ta jirgin ruwa suke isowa, kuma layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa zai bukaci nasa.