Tsatsa da kayan aiki: tambayoyin da na gaji da amsawa

Na daɗe ina kafinta a wajen Ƙofar Ƙaura, kuma duk shekara da Agusta ta tsaya, marka ta kankama, sai an kawo mini zarto ya yi jawur ana cewa ƙarfen ne ba shi da kyau. Tambayoyin ba su canzawa. Ga amsarsu, a bar ni in yi aikina.

Me ke kawo tsatsa?

Ruwa da iska, in sun haɗu a kan ƙarfe. Gishiri kuma zuga su yake yi. Shatin yatsun da kake gani a jikin sifana, guminka ne.

Ai ruwa bai taɓa kayana ba.

Haka kowa ke cewa. Ina ka ajiye su? A ƙasan siminti, jikin bango, cikin buhu mai laima. Daga Yuni zuwa Satumba iskar ɗakinka kanta ɗauke take da ruwa. Ɗaga su daga ƙasa, ka sa a akwatin katako, ka jefa gawayi busasshe a ciki, ko 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin sabon takalmi.

Wane mai zan shafa?

Man keken ɗinki. Duk mai sayar da kayan teloli a babbar kasuwa yana da shi. Ɗigo biyu a tsumma, ka goge. In mai yana tsiyaya, ka yi yawa.

To WD-40 fa, man gwangwanin nan da ake fesawa?

Yana da kyau wurin kwance noti da ya cije da kuma korar ruwa. Sunan ma daga nan ya samo asali, don WD a Turance korar ruwa yake nufi a taƙaice: kamfanin da ya haɗa shi a Amurka a 1953 maganin korar ruwa yake nema, aka dace a gwaji na 40. Amma ruwa-ruwa ne, mafi yawansa bushewa yake yi. Ka fesa, ka goge, ka bi da mai na gaske.

Baƙin mai fa? Kyauta nake samu wurin bakanike.

Nan ne ake son in ce e ko a'a, ni kuwa ba zan ce ba sai na ji abin da za ka shafa wa. Yana hana tsatsa, ba zan yi maka ƙarya ba. Iyayenmu da shi suke shafe garma da galma in an gama aikin damina, kuma kayan na kai wata shekarar lafiya. Amma ka san abin da ke cikinsa: man da ya gama yawo a inji ne, ya kwaso ɓurɓushin ƙarfe da toka da dattin ƙonewar fetur, kuma yawan cuɗanya da shi na cutar da fata, har ciwon daji ana danganta shi da shi. Don haka in fartanya ce ko shebur ko diga da za a jingine har wata damina, to, a shafa kaɗan da tsumma, ba da tafin hannu ba, kuma a goge kafin a koma gona, don ba abin zubawa a ƙasar da za ka ci daga gare ta ba ne. In gaɓar filaya ce ko almakashi, ban so, domin ɓurɓushin nan na iya cin gaɓar a hankali har ta yi lako-lako. In zarto ne ko kurfi, zai bar maka baƙin tabo a katako, fenti kuma ba zai kama wurin ba. Na taɓa maimaita ƙofar kabad sukutum saboda wani yarona ya yi mini wannan gwaninta. Wuƙar mahauci, ko ta kicin, ko askar wanzami kuwa, kada ma ka fara. In har man inji kake so, ka roƙi bakanike ragowar sabo da ke gindin galan. Cokali ɗaya zai kai ka wata da watanni. Sai dai in babu komai a hannunka kuma ruwa na sauka, to baƙin man ya fi barin ƙarfe tsirara.

Man gyaɗa ko manja?

A tukunya. Suna daskarewa su yi danƙo, su yi wari. Wuƙar da ake aiki da ita kullum kaɗai na yarda a ɗan shafa mata, tunda gobe za a wanke.

Tsatsa ta riga ta kama, na jefar?

Haba malam, kwantar da hankalinka. In sama-sama ce, kananzir da burushin waya sun isa. In ta yi kauri, jiƙa ƙarfen a ruwan tsamiya ko na lemun tsami ya kwana, ka goge, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ta kashe tsamin, ka shanya a rana ya bushe ƙarau, ka shafa mai nan take. Nan take na ce, ba bayan la'asar ba. Ƙarfen da ya fito daga tsami kafin ka juya ya sake yin ja.

Komai ake shafa wa mai?

A'a. Fuskar guduma da bakin sukundireba a bar su a bushe, sai in kana son ka fasa yatsa. Magagari ma ba ya son mai, santsi zai yi ya toshe. Goga masa alli. Zarto kuma kyandir ya fi masa, ko kakin zuma: yana tafiya sumul a katako, bai barin tabo.

Me ya sa fartanyata ta fi ta maƙwabcina saurin lalacewa?

Ka jingine ta jikin buhun takin zamani, ko ba haka ba? Taki gishiri ne, kuma yana jawo laima. Raba su ɗaki.

Da hunturu ma sai na shafa?

Kaɗan ƙwarai. Lokacin ba laima, ƙura ce matsalar. In ta haɗu da giris sai ta zama kamar yashi a gaɓa. Wanke tsohon da kananzir, ka sa ɗigo ɗaya, ka rufe akwatin.

Sau nawa a wata?

Da damina, duk ranar da ka yi aiki da su. Tsumman na rataye a ƙusa, kai ne dai ba ka ɗauka.